Me Ya Sa Arduino Ba Ya Wuce 1023? Tarihin ADC Da Dalilin Ƙarancin Ƙafafunsa

 Yau ba jona waya za mu yi ba, tarihi za mu ɗan taɓa, amma irin tarihin da zai iya hana ka asarar kuɗi a shagon kayan lantarki.

Duk wanda ya taɓa haɗa sensa da Arduino Uno, ya rubuta analogRead, ya san wata lamba guda: 1023. Ka murɗa abin murɗawa har ya ƙure, ko ka dalla wa sensar haske tocila, lambar ba za ta ƙara ko ɗaya ba. Ka duba gefen allon kuma, ƙafafun da ke karɓar irin wannan awo guda shida ne, A0 zuwa A5. Mai furojet ɗin da ke buƙatar sensa takwas sai ya tsaya yana zare ido. Da yawa suna ɗauka rowar kamfani ce, sai su ruga neman allon da aka rubuta wa bit 12 ko 16 da ƙafafu goma sha takwas. Wani lokaci hakan ya yi daidai. Sau da yawa kuwa mutum ya saya, ya dawo gida, ya tarar awon bai gyaru ba. Dalilin yana cikin yadda aka taso da wannan fasaha tun farko.

Bari mu fara da aikin ADC. Zafin ɗaki, ƙarfin wutar batir, muryar mutum, duk suna hawa suna sauka ne kamar gangara, babu tsalle. Kwamfuta kuwa ba ta san gangara ba, matakala ta sani. ADC shi ne ɗan sashen da ke duba ƙarfin wutar da ke kan waya ya ce wannan yana kan mataki na kaza. Yawan matakan shi ake faɗa da bit, kuma kowane bit ɗaya da aka ƙara ninka matakan yake yi: bit 8 matakai 256, bit 10 matakai 1,024, bit 12 matakai 4,096, bit 16 matakai 65,536. Tunda daga sifili ake fara ƙirga, mai matakai 1,024 a 1023 yake tsayawa. Wayar da kake karanta wannan rubutu da ita ma akwai su a cikinta birjik: na bayan makirufo, na cikin kyamara, da wanda ke auna batir har a nuna maka saura kashi 15.

A shekarar 1937 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Alec Reeves yana aiki a ɗakin binciken kamfanin ITT da ke Paris. Abin da ya dame shi shi ne wayar tarho ta nesa. Murya tana raunana a kan dogon layi, sai a sa na'urar ƙara ƙarfi a hanya, amma na'urar ba ta bambance murya da hayaniyar da layin ya kwaso, duka take ƙarawa. Kafin magana ta kai ƙarshen tafiya ta koma kamar rediyo a lokacin hadari. Sai Reeves ya ce to a daina aika muryar kanta, a riƙa auna tsayinta sau dubbai a sakan ɗaya, a aika lambar. Ita lamba ko akwai wuta ko babu, kuma kowace tasha a hanya za ta iya sake rubuta ta fes. A takardar mallakar fasaha da ya shigar a Faransa a 1938, na'urar awonsa bit 5 ce, matakai 32 kacal. Ko hakan ma bai zama abin kasuwanci ba a lokacin, domin zamanin bawul ne, waɗannan kwalaben da ke cikin tsohuwar rediyo masu zafi da cin wuta, kuma aikin na buƙatar su da yawa.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tilasta aka gwada wani abu makamancin haka. A 1943 ɗakin binciken Bell na Amurka ya kammala wata na'ura mai suna SIGSALY domin shugabannin Amurka da Ingila su yi waya ba tare da Jamusawa sun saurara ba. Nauyin tasha ɗaya ya kai wajen tan 50, ta Landan ma a ƙarƙashin ginin kantin Selfridges aka ajiye ta. Tana raba murya kashi-kashi, tana auna ƙarfin kowane kashi sau 50 a sakan, a kan matakai shida. Shida fa, ko bit 3 ba su cika ba. Muryar tana fitowa kamar ta mutum-mutumi, amma ana gane magana, kuma abin da ake nema kenan. Wannan darasi ne da ya kamata mai haɗa furojet ya riƙe: yawan matakan da kake buƙata aikinka ne ke faɗa, ba abin da aka rubuta a kwali ba.

Bayan yaƙi Claude Shannon ya fayyace lissafin da Harry Nyquist ya share wa hanya tun 1928, cewa dole saurin awo ya haura ninki biyu na saurin kaɗawar abin da ake aunawa. Da wannan ne kamfanin tarho na Amurka ya fara layin T1 a 1962, ana auna kowace murya sau 8,000 a sakan, ana kuma cusa kira 24 a layi ɗaya, kowanne da ɗan lokacinsa. Daga baya aka daidaita a kan bit 8 ga kowane awo.

Amma ADC da mutum zai iya zuwa ya saya da kuɗinsa, sai 1954. Bernard Gordon da kamfaninsa Epsco a Amurka suka fitar da DATRAC: bit 11, awo 50,000 a sakan. Nauyinsa kusan kilo 70, ya fi buhun siminti, yana cin wuta wat 500, kuɗinsa dala 8,500 na wancan zamani. Abin mamaki, wannan tsohon akwati ya fi Uno ɗinka yawan matakai, ya kuma ninka shi sauri kusan sau biyar, domin analogRead awo kusan 10,000 yake yi a sakan. Ci gaban da aka samu a waɗannan shekaru ba a yawan bit ya fi yawa ba. Ci gaban shi ne abin da ke cika teburi ya koma wani ɗan lungu a cikin aisi ɗin da bai kai ɗan yatsa ba.

Hanyar da DATRAC ya bi wajen awo ita ce har gobe ke cikin Uno, da ESP32, da Pico, saboda haka mu tsaya a kanta sosai. Ka tuna sikeli irin na da, mai faranti biyu da duwatsun awo. Tun a 1556 wani masanin lissafi ɗan Italiya, Niccolò Tartaglia, ya kawo tambayar yawan duwatsun da za su ishe ka awo, kuma amsarsa ita ce duwatsu masu ninka juna: 1, 2, 4, 8, 16, 32. A ce kayanka kilo 45 ne amma ba ka sani ba. Ka ɗora dutsen 32, kaya sun fi nauyi, ka bar shi. Ka ƙara 16, ya zama 48, ya zarce, ka sauke. Ka sa 8, 40 kenan, ka bari. Ka sa 4, 44, ka bari. Ka sa 2, 46, ya zarce, ka sauke. Ka sa 1, 45, daidai. Idan ka rubuta 1 ga dutsen da ya zauna, 0 ga wanda aka sauke, za ka samu 101101, wato 45 a harshen kwamfuta. Gwaji shida, bit shida. To bit 10 duwatsu goma ne, gwaji goma. A Uno awo ɗaya yana cin bugun agogo 13, agogon ADC ɗin kuma yana bugawa sau 125,000 a sakan, shi ya sa awo ɗaya yake ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin 10,000 na sakan.

Nan ne tsadar bit take. Ƙara dutse ɗaya kamar ba wani abu ba ne, amma dole kuskuren babban dutse ya gaza rabin nauyin ƙaramin, in ba haka ba ƙaramin ya zama ado. A bit 10 babban dutse ya ninka ƙaramin sau 512. A bit 16 sau 32,768. Ka ƙaddara maƙeri zai zuba maka dutsen kilo 32 da ɗoriya, ya kuma rantse bai kuskure da rabin giram ba. A cikin aisi duwatsun nan ƙananan rasisto ne ko kafasito, kuma daidaita su haka aiki ne mai wuya da tsada. A 1978 kamfanin Analog Devices ya fitar da AD571 mai bit 10 da AD574 mai bit 12, kuma waɗannan kaya ne masu zaman kansu, babu aikin da suke yi sai awo. Abin da ya buɗe ƙofar saka ADC a gida ɗaya da ƙwaƙwalwar lissafi shi ne aikin James McCreary da Paul Gray a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1975. Sun nuna yadda za a yi duwatsun da kafasito, da irin fasahar da ake buga aisi na lissafi da ita. Bit 10 suka samu.

A daidai wannan lokacin ne aka haifi maikrokontirola, wato kwamfuta sukutum a aisi ɗaya. Texas Instruments ya fitar da TMS1000 a 1974, Intel ya biyo da 8048 a 1976. Kafin shekarun 1970 su ƙare Intel ya yi wani ƙaninsa mai lamba 8022 da ADC a ciki, bit 8, ƙofa biyu. Amma shahararren 8051 da ya fito a 1980 ba shi da ADC ko kaɗan. Wanda ya yi furojet da 8051 a kwalejin kimiyya da fasaha zai tuna dole sai an haɗa masa ADC0804 mai ƙofa ɗaya, ko ADC0808 mai ƙofa takwas, duka bit 8, na kamfanin National Semiconductor.

Shi ADC0808 ya cancanci a dube shi da kyau, domin ya tona asirin abin da ake kira yawan ƙofofi. Ba ADC takwas ne a cikinsa ba. Guda ɗaya ne tal, sai wani makunnin zaɓe a gabansa, da ƙafafu uku, A, B da C, da kake gaya masa wace ƙofa zai buɗe. Kamar injin niƙa ɗaya ne a unguwa, kwanuka takwas a layi. Haka Uno yake, haka Mega mai ƙofa 16 yake. Kana ƙara kwanuka, layi na ƙara tsawo: awo 10,000 a sakan idan aka raba wa ƙafafu shida, kowace ta samu kusan 1,600. Ga zafin ɗaki ko batir wannan ya yi yawa ma. Ga sauti kuwa bai kai ko'ina ba.

Akwai kuma wata matsalar da duk mai zuwa niƙa ya sani. Idan wanda ya riga ka barkono ya niƙa, garinka zai yi yaji. A bakin ADC akwai wani ɗan mitsitsin kafasito da ke ɗibar samfurin wutar ya riƙe har a gama awo, a aisin Uno fikofarad 14 ne. Idan ka tashi daga ƙafar da ke da bolt 5 ka koma wadda ke da rabin bolt, dole kafasiton ya zubar da na baya ya ɗauki sabo cikin ƙanƙanin lokaci. In sensar ta biyu mai rauni ce, wutarta na bi ta babban rasisto, ba zai gama ba kafin a rufe ƙofa, sai ka ga awon A1 yana motsi duk lokacin da ka taɓa A0. Ba aljanu ba ne, kuma allon bai lalace ba. Takardar bayanin aisin ta ce an tsara shi ne don abin da turjiyarsa ba ta wuce om 10,000 ba. Dabarar da aka saba ita ce ka karanta ƙafar sau biyu, ka watsar da na farko.

Daga nan labarin ya tafi da sauri. Motorola ya fitar da 68HC11 a 1984 da ƙofa takwas masu bit 8, ya shiga motoci da injina masu yawa. Matakai 256 sun isa a san inda totur yake ko zafin ruwan inji. Microchip ya kawo PIC16C71 a farkon shekarun 1990, ƙofa huɗu, bit 8, a aisi mai ƙafa 18. Sai PIC16F877, da ƙaninsa mai harafin A a ƙarshe wanda ɗalibanmu suka yi wa farin sani: bit 10, ƙofa takwas, ƙafa 40. Shi kuwa PIC16F876 mai ƙafa 28 ƙofa biyar yake da su. Lura da wannan, domin za mu sake cin karo da shi.

A birnin Trondheim na Norway wasu matasa biyu, Alf-Egil Bogen da Vegard Wollan, suka tsara ƙwaƙwalwar AVR, kamfanin Atmel ya fara sayar da ita a ƙarshen shekarun 1990. A 2005, a wata makarantar koyon zane da fasaha da ke garin Ivrea na Italiya, Massimo Banzi da abokan aikinsa suka ɗora ATmega8 a kan allo mai arha domin ɗaliban da ba injiniyoyi ba, bisa tushen aikin Wiring na Hernando Barragán ɗan Kolombiya. Arduino kenan. Ba su zauna sun zaɓi 1023 ba, abin da suka tarar a cikin aisin ne. Uno da ya fito a 2010 da ATmega328P ya gaji lambar, ya gaji ƙafafu shidan.

Me ya sa shida? Ƙirga da kanka. Aisin da ke kan Uno ƙafa 28 gare shi. Biyu na shigar wuta, biyu na ƙasa, ɗaya ta AREF, ɗaya ta sake tayarwa, biyu na agogo. Takwas sun tafi, saura 20, aka ba ɓangaren kunna-kashe 14, aka ba awo shida. Amma makunnin zaɓen da ke ciki ya fi haka ƙofofi. Shi ya sa Arduino Nano, mai ƙwaƙwalwa iri ɗaya amma a ƙaramin gida mai ƙafa 32, yake da A6 da A7. Wato iyakar ba ta ƙwaƙwalwa ba ce, ta yawan ƙafafun gidan ce. Sannan ko shidan ma ba duka ne naka ba: A4 da A5 su ne hanyar I2C, da zarar ka jona ƙaramin sikirin mai waya huɗu ko agogon DS3231, saura huɗu. Wannan ya kamata ɗalibi ya lissafa kafin ya kai wa malami sunan furojet, ba bayan ya sayi kaya ba.

Da intanet ta shigo harkar, sai abin ya ƙara fitowa fili. Kamfanin Espressif na Shanghai ya fitar da ESP8266 a 2014, ga Wi-Fi ga arha, amma ƙofar awo ɗaya tak, bit 10, kuma aisin kansa bolt 1 ne iyakarsa. Allunan NodeMCU rasisto biyu suka sa a gaba don ya karɓi wajen bolt 3. A 2016 ESP32 ya zo da bit 12 da ƙofa 18, a takarda kamar an gama magana. Sai dai ƙofofin gida biyu ne. ADC1 yana da takwas, ADC2 yana da goma, kuma Wi-Fi yana amfani da ADC2, don haka idan ka kunna shi goman nan sun fita daga hannunka. Cikin takwas da suka rage, yawancin allunan kasuwa shida suke fitarwa: 32, 33, 34, 35, 36 da 39. Mun dawo shida kenan. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa ma'aunin cikin aisin, wanda ya kamata ya zama milibolt 1,100, yana iya kasancewa ko'ina tsakanin 1,000 da 1,200 daga wannan aisi zuwa wancan, kuma a babban zangon awo ya fi aminci tsakanin bolt 0.15 da 2.45.

Raspberry Pi na 2012 ba shi da ADC sam, sai a haɗa masa MCP3008 mai ƙofa takwas da bit 10, kamar dai zamanin 8051 ya dawo. Ƙaninsa Pico da ya fito a Janairun 2021 yana da bit 12 da saurin awo 500,000 a sakan, ƙafafu uku a allon. Abin yabo ga masu shi, sun rubuta a takardar bayaninsa cewa idan aka cire hayaniya da kuskure, ainihin abin da ake samu kusan bit 8.7 ne, kuma akwai tuntuɓe a wajen lambobi 512, 1536, 2560 da 3584, saboda duwatsun awon ba su daidaita yadda aka tsara ba. Matsalar maƙerin nan ce da muka ambata, a ƙarni na 21. Idan kuma kana rubuta MicroPython, read_u16 zai ba ka lamba har 65535, kada ka ɗauka bit 16 ka samu. Matakai 4,096 ɗin ne aka miƙe su.

A ganina babban abin da ake mantawa bai shafi bit ko ƙofa ba. ADC ba ya sanin bolt. Kwatantawa kawai yake yi da wani ma'auni da aka ba shi, ya ce abin da ka kawo kashi kaza ne na wancan. A Uno, in ba ka canza ba, ma'aunin shi ne wutar bolt 5 da ke ciyar da allon. In ta USB kake ba shi wuta, ƙa'idar USB ta yarda da komai daga 4.75 zuwa 5.25, kuma cajojin da ke yawo a kasuwa ba duka ne ke tsayawa ko a nan ba.

Ga misalin da ya shafi kusan kowane gida mai sola. Kana son auna batir mai bolt 12, irin mai ruwa. Ka sa rasisto na om 20,000 da na 10,000 ka raba wutar gida uku, ta yadda bolt 15 zai zama 5 a ƙafar A0. Kowane mataki ya zama kusan milibolt 15 na batir. Wannan ya isa har ya yi saura, domin tsakanin cikakken batir, wajen 12.7, da wanda ya kai rabi, wajen 12.2, akwai matakai sama da talatin. Yanzu a ce cajar da ke ciyar da allon 4.8 take bayarwa, kai kuma a lissafinka ka rubuta 5.0. Batir yana 12.2, ƙafar A0 tana ganin 4.07, ADC ya ba da kusan 868, lissafinka ya mayar da shi 12.7. Batir ya sha rabi, sikirin yana ce maka a cike yake. Idan wannan awon ne ke yanke shawarar lokacin kashe kaya, kullum batirin zai riƙa zurfafa fiye da yadda ka tsara, kuma irin wannan batir zurfafa ce ke rage masa kwana. Ka kawo ADC mai bit 16 ka ɗora shi a kan wannan ma'aunin, zai ba ka amsar da ba daidai ba da ƙarin lambobi bayan ɗigo, shi ke nan.

Gyaran ma'auni kuwa sau da yawa kyauta ne. Sensar zafi ta LM35 tana ba da milibolt 10 ga kowane digiri. A ma'aunin bolt 5 kowane mataki milibolt 4.9 ne, kusan rabin digiri kenan, kuma ko a tsakiyar zafin Afrilu ba za ka yi amfani da ko kashi ɗaya cikin goma na matakan ba. Ka rubuta analogReference(INTERNAL), ma'aunin ya koma bolt 1.1 na cikin aisin, mataki ya zama kusan milibolt 1, wato kashi ɗaya cikin goma na digiri. Ka samu ribar sama da bit biyu ba ka kashe ko sisi ba. Sai dai shi ma 1.1 ɗin yana iya zama daga 1.0 zuwa 1.2, saboda haka ka sa mita a ƙafar AREF ka auna naka sau ɗaya, ka rubuta ainihin lambar a lissafi. Bambancinsa da wutar caja shi ne ba ya yawo yau da gobe.

Akwai wata tsohuwar dabara kuma, ta sayen bit da lokaci. Lokacin da ake tsara faifan CD, Philips na Holan ya so bit 14, Sony na Japan ya dage a kan 16, kuma 16 aka amince da shi a 1980. Philips ya riga ya ƙera aisin mayar da lamba sauti mai bit 14, sai ya ninka saurinsa sau huɗu ya haɗa da tacewa, na'urorinsa na farko suka yi gogayya da masu 16. A ɓangaren awo ma lissafin haka yake: ka tara awo huɗu ka samu ƙarin bit ɗaya, 16 ka samu biyu, 64 ka samu uku, muddin akwai 'yar hayaniyar da ke sa lambar rawa. Wata hanyar awo da Hiroshi Inose da Yasuhiko Yasuda suka bayyana a Jami'ar Tokyo a 1962, mai suna delta-sigma, ta kai wannan tunani ƙarshe: awo maras zurfi amma da gudu sosai, sannan a tace. Ita ce a cikin HX711 da ake haɗa sikelin dijital da shi, bit 24 amma awo 10 ko 80 kacal a sakan, kuma lambobin ƙarshe rawa suke yi ba tsayawa. Ita ce kuma a cikin ADS1115, mai bit 16 da ƙofa huɗu, wanda iyakar gudunsa 860 a sakan, a raba wa ƙofofin. Idan kowace ƙofa da ƙasa kake aunawa, bit ɗaya ya tafi wajen nuna alamar ragi, 15 ne a hannunka. Duk da haka ga aikin batir ni shi nake ba da shawara, ba don bit ɗin ba, sai don yana da ma'auninsa a ciki wanda bai dogara da caja ba.

In kuma ƙofofi ne suka yi maka kaɗan, ba dole sai Mega ba. Aisin CD4051 makunnin zaɓe ne mai ƙofa takwas, 74HC4067 mai 16, ka jona bakinsa a A0 ka zaɓi ƙofa da ƙafafu uku ko huɗu, daidai yadda ake yi wa ADC0808 shekaru arba'in da suka wuce. Layin niƙa zai ƙara tsawo, maganar yaji kuma tana nan, don haka ka ɗan jira bayan kowane sauyi kafin ka karanta.

Shi kansa Arduino ya daɗe da wuce bit 10. Due na 2012 bit 12 gare shi da ƙofa 12. Uno R4 na 2023, mai aisin Renesas, yana kaiwa bit 14, wato har 16383. Amma ka ciro shi daga kwali ka rubuta analogRead, 1023 zai tsaya, ƙafafun awon kuma shida ne a inda suke tun farko. An bar su haka ne da gangan, domin tulin darussa da firogiram da aka rubuta tun 2005 suna raba lamba da 1023 ko 1024, kuma allunan da ake ɗorawa a sama an yanka su ne daidai da waɗancan ramuka. In kana son sauran matakan sai ka roƙa da kanka, ka sa analogReadResolution(14) a cikin setup, ka kuma tuna ka canza lambar da kake rabawa da ita, in ba haka ba batirinka mai bolt 12 zai nuna maka kusan 200.